Da Baya-baya Kakata Ta Shiga Bahar

Jiya da la'asar na sauke motar 'yan yawon buɗe ido a Kurnish, titin bakin tekun Jidda. Mutanen nan daga ƙarshen duniya suka taso don su ga Bahar Maliya, amma suna isa bakin ruwan sai kowa ya juya masa ƙeya, ya ɗaga waya sama, ya washe haƙora. Wata ta miƙo min tata wayar wai in ɗauke ta. Na ɗaga, ga mace a gaba, ga ruwa shimfiɗe a bayanta, sai iska ta kaɗo min ƙamshin soyayyar gyaɗa, ban ma san daga aljihun wa ba. Wallahi sai da baiwar Allah ta gaji da murmushi kafin na danna. Na so in ce mata wannan tsayuwar da take ji da ita ba sabuwa ba ce, kakata ce ta fara ta tun ba a san wayar hannu ba.

Bari in ba ka labarin, amma ka yi haƙuri da Hausata. A Jidda aka haife ni, a nan aka haifi uwata, in kalma ta ɓace min sai in ɗauko ta Larabci in toshe ramin. Makaranta kuwa mun rabu da ita tun ba mu ɓata da juna sosai ba. Abin da na sani, a titi na tsince shi.

A unguwar Hindawiyya muka tashi, cikin wani lungu da mota ba ta shiga sai ta tsuke ciki. Da zafi bangon gidanmu gumi yake kamar mutum. Danshin teku ya sa in ka yi wanka ka fito, sai ka rasa ko ka goge jiki ko ba ka goge ba. Mukayyif ɗin kowane gida, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ɗiga maka ruwa a ka in ka bi lungu, kyanwoyi sun miƙe a ƙarƙashi suna shan sanyi. Amma lokacin da na fi so shi ne bayan aikin hajji. Alhazan gida, na Najeriya da na Nijar, sukan gangaro Jidda jiran jirgi. Ga akwatuna, ga galan-galan na zamzam, ga gajiya da zama wuri ɗaya. Nan Kawuna ke samun kasuwa.

Kawu yayan Ummata ne. Yana da wata tsohuwar jims, doguwar motar nan mai kujeru jere-jere, wadda in ta tashi sai unguwa duka ta sani. Yakan cika ta da alhazai ya zaga da su gari. A fara da maƙabartar da ake cewa nan kakarmu Hauwa'u take, a shiga Balad, tsohon gari, a ga tsofaffin gidaje masu tagogin katako, a leƙa kasuwar kifi, a yi salla a masallacin da ke kan ruwa, in da sauran rana a ƙarasa Ubhur a shiga jirgin ruwa. Kawu ba ya son magana, ni kuma ba na iya yin shiru, sai ya naɗa ni murshid, wato mai bayani, tun ina ɗan firamare. Duk abin da muka wuce sai na yi masa tarihi. Akwai wani shatale-tale da aka kafa ƙaton keke a tsakiya, ya fi bene tsawo. Nakan ce musu na wani Basamude ne da ya zo hajji, tayarsa ta yi faci, ya jingine shi ya ƙarasa da ƙafa. Kawu sai ya zagaya, ya sake zagayawa, har in gama. Rabinsu sun san shirme nake, suna dariya. Rabin kuma ina jin har yau suna can Gusau suna ba jikokinsu labari.

To, kowace Alhamis akwai fasinja ɗaya da ba ta biya, ba ta kuma sauraren murshid. Kaka. Uwar Kawu da Umma. Gyaɗa take soyawa cikin rairayi tun asuba, ta ƙulla a ledoji, ta haɗa da goruba da 'ya'yan kuka, ta jera a faranti. Mu sauke ta a Kurnish, mu ɗauke ta da magariba. Ta fi shekarun uwata tana wannan zama, kuma kullum iri ɗaya: ta shimfiɗa tabarma, ta fuskanci titi, bahar yana bayanta. Mutane na zuwa daga Riyad su zauna su ƙura wa ruwan nan ido kamar talabijin, ita ko waiwaye ba ta yi.

Ni da ita ka san wasan jika da kaka. Ni ne "maigida", ita ce "amarya". Nakan ce, "Amarya, kishiya ce a bayan naki da ba kya son ganin ta?" Sai ta ce, "Ni alƙibla nake kallo, mara kunya. Kuma kifi ba ya sayen gyaɗa." Ka ga ba ka da ta cewa, don a Jidda in ka fuskanci alƙibla, teku a bayanka take. Da wannan ta rufe bakin kowa shekara da shekaru.

Tana da wata doka kuma da ta addabi gidan. Duk wanda ya fita tafiya, dole ya aiko cewa ya sauka. Ko Makka ka je, nan kusa, in ba ka kira ba ba za ta sa loma a baki ba. Sai ta yi ta safa da marwa tsakanin ƙofa da tsakar gida, tana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Alhazan da ba ta haɗa komai da su ba ma, in za su tafi filin jirgi sai ta riƙe hannun matan ta ce, "In kun sauka ku aiko." Su ce to, su manta. Ita kuwa sai ta kwana biyu tana tambayar ko waya ta yi ƙara.

Shekarar da nake ba ka labari, idonta ya fara tafiya. Sukari ne. Na hagu ya riga ya tafi ba sallama, na dama kuma likita ya ce yana kan hanya. Da rana tsaka, in haske ya yi ƙarfi, tana ganin mutum da kalar rigarsa. Rana na yin sanyi sai komai ya koma inuwa. Tun daga ranar da aka dawo daga asibiti tsohuwar nan ta daina zama. Ta hau soro, ta sauko. Ta buɗe akwatinta, ta rufe. Sau biyu tana shiri tsaf da safe, ta sa abayarta ta fita biki, ta kai bakin ƙofa, ta tsaya, ta dawo ta cire. Na ce, "Amarya, wani kika samu a waje ne? Ki faɗa min in sake ki cikin mutunci." Ba ta ko zage ni ba. Nan na san da magana.

Umma ce ta gaya min, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ta ce Kaka ba a jirgin sama ta zo ƙasar nan ba. Da ƙafa suka taso daga gida, ita da babanta da innarta, tana goye. Suka ratsa Chadi, suka zauna a Sudan suna aikin gonar auduga har ta yi wayo, sannan suka samu jirgin katako, irin wanda iska ke turawa, ya ɗauko su. Innarta da zazzaɓi ta shiga jirgin. Ana hango duwatsun wannan gaɓar ta cika. Mai jirgi ya ce ba zai sauka da gawa ba. Aka naɗe ta a zanenta, aka yi mata salla, aka sa ta a ruwa. Babanta ya juya mata fuska ya danne a cikinsa don kar ta gani. Umma ta ce, "Tun daga nan ba ta sake juyowa ba." Sai ta ɗaga min yatsa: "In na ji wannan a bakin alhazai cikin shirmenka, sai na yanke harshen."

Washegari Alhamis, kuma lodin ƙarshe ne na shekarar, don alhazai sun kusa ƙarewa. Muna cikin zuba ƙanƙara a kula sai ga Kaka ta fito da abayar biki, hannu wayam, ba faranti. Ka san ba ta kiran sunan Kawu, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai direba, yau ni ma alhajiya ce. Har Ubhur. Har cikin jirgin."

Kawu ya ce, "Ya Ummi, ki bari gobe in kai ki ke kaɗai, a nutse."

Ta ce, "In na kwana zuciyata za ta canja. Kowa na zuwa ziyarar nasa, ni ban taɓa zuwa ba. Kuma da ido nake so in je."

Ta shige kujerar baya ta zauna. Kawu ya dubi sama, ya dube ni. Ba sai ya faɗa ba. Ubhur can arewa take, ita ce ƙarshen zagaye, kuma idon Kaka yana rufewa tare da rana. Alhazai sun biya kuɗin zagaye cikakke, ba a isa a tsallake musu komai ba. Aikina ranar shi ne in kora su.

Ka taɓa korar alhazai daga kasuwa? A maƙabarta ba su daɗe ba, zafi ya taimake ni. Amma da muka shiga Balad, halas, shi ke nan, sai suka watse kamar an zubar da tsaba. Akwai wani Alhaji mai lema, wanda duk abin da ya gani sai ya taɓa, ya tambaya, ya ajiye, ya dawo ya sake taɓawa. Akwai wata Hajiya mai sabon haƙorin Makka, ita kuma ko abin dariya bai faru ba sai ta yi, don haƙorin ya sha iska. Wannan na wurin darduma, wancan na wurin turare, wata ta ɓace a layin 'yan zinariya. In na tattaro uku, sai biyu su zille. Na koma mota na tarar da Kaka ta buɗe ƙofa, ƙafa ɗaya a ƙasa, tana murza carbi kamar za ta tsinka shi. Ta ce, "Maigida, inuwa ta kai ina?" Na ce, "Ba ta ko motsa ba, amarya." Alhali ta fara karkata.

Sai na hau kan dakalin wani shago na buɗe murya. Na ce, jama'a, duk wanda ya sayi kaya a nan ya cuci kansa. A Ubhur akwai kasuwar bakin jirgi, kaya daga teku suke sauka kai tsaye, ba ɗan tsakiya, kuma da la'asar ake tashi. Wallahi ka ga gudu. Alhaji mai lema shi ya fara shiga mota, yana ce wa Kawu, "Direba, yalla mana!" Wato a yi sauri. Kalmar Larabci ɗaya da ya koya ke nan, ya kuwa same ta a ranar amfaninta.

Kasuwar kifi, na ce musu yau ba kifi, duk sun tafi hutun ƙarshen mako. Muka leƙa ta taga muka wuce. Da muka iso shatale-talen keke, Kawu ya rage gudu don sabo. Na ce, "Keke ne. Mu je." Daga can baya sai na ji muryar Kaka: "Yau Basamuden bai samu labari ba?" Ashe duk shekarun nan tana ji.

A masallacin kan ruwa aka yi salla. Can ne na ga Hajiya mai haƙori ta riƙe hannun Kaka sun shiga wajen mata tare, sun daɗe. Da suka fito, haƙorin ya shiga ciki, ba a sake ganin sa ba. Ita da kanta ta shiga tattara sauran matan, tana cewa hoto ya isa haka.

Mun kama hanyar arewa, na fara sakin numfashi, sai jims ta ce ita ma tana da magana. Hayaƙi fari ya taso daga gaba, Kawu ya gangara gefen titi ya buɗe murfin inji, ruwa ya tafasa ya ƙone. Ba gidan mai kusa, ba shago, sai motoci suna wuce mu fuu, da rana da ta sauko ta tsaya daidai kan rufin gidaje. Kawu ya juye ruwan ƙanƙarar kula, bai isa ba. Hajiya ta miƙo butar alwalarta, ta bi kujera-kujera tana karɓar ta kowa. Alhaji mai lema kuwa ya rungume galan ɗin zamzam ɗinsa, wanda ko masallaci da shi yake shiga, yana cewa, "Wannan kam a'a, wannan kam a'a." Ba wanda ya tambaye shi. Dole aka jira inji ya huce. Ni na kasa tsayuwa, na zagaya motar, na sake zagayawa, ina harbin tayoyi. Kaka ta kira ni ta taga. Ta ɗaga tafin hannunta a gaban fuskarta tana juya shi. Ta ce, "Har yanzu ina ganin yatsuna." Na ce, "To ki riƙe su da kyau, kar su tafi."

Mun isa Ubhur rana ta yi ja amma ba ta faɗi ba. In ba ka san wurin ba, wani hannun teku ne da ya kutso cikin ƙasa kamar kogi, gidajen hutu a gefe da gefe. Jiragen haya suna ɗaukar mutane su bi shi har bakin babbar teku, su juyo. Ba sa wuce nan sai da izini. Kawu ya yi ciniki da wani mai jirgi ɗan Yaman cikin minti ɗaya, abin da bai taɓa yi ba. Alhaji yana ta waige-waige yana tambayar ina kasuwar. Na ce tana tsallake, a shiga jirgi.

Kowa ya bi gadar katako ya shiga. Kaka ta fito daga mota, ta ji ƙarar ruwa yana dukan katako, sai jikinta ya juya da kansa. Ta ba shi baya, ta kafe. Kawu ya yi lallashi da Hausa, ya yi da Larabci. Ta ce, "Ƙafar ce ta ƙi." Gumi yana bin wuyanta. Mai jirgi ya fara buga hannu a jikin inji. Na ga ta fara laluben murfin mota, kuma na san in ta koma ciki, shi ke nan har abada.

Ban san daga ina dabarar ta zo min ba. Aikina ne kullum in Kawu zai shiga lungunmu da baya, in tsaya ina ba shi hannu. Na sha gabanta, na kama hannuwanta biyu, na ce, "Amarya, wa ya ce sai kin juya? Jims ma da baya take shiga gida, kuma ta girme ki." Ta ce, "Ubanka ne ya girme ni." Na ce madalla, ta dawo hayyacinta. Na fara tura ta a hankali, ni ina kallon hanya ta saman kafaɗarta, ita tana kallon fuskata, ina ce mata baya-baya da Larabci kamar yadda nake yi wa Kawu. "Wara, wara, wara. Dama kaɗan. Bas! Wara kuma." Katako yana motsi a ƙarƙashinmu, farcenta ya nutse a hannuna, har yau akwai ɗan tabo. Sai Alhaji mai lema da ya ɗauka abin gaske ne ya shiga taya ni: "Yalla, yalla!" Da muka kai ƙarshe, Kawu ya ɗauke ta cak daga baya ya sauke a jirgi.

A kujerar ƙarshe ta zauna, kusa da inji, ta fuskanci inda muka baro. Jirgi ya tashi. Kowa na kallon gaba, ita tana kallon gadar katako tana ƙanƙancewa. Na zauna kusa da ita, raina a ɓace. Na ce a zuciyata, duk wannan gudun, ga mu cikin ruwa, kuma ƙeya za ta nuna masa har mu dawo. Na buɗe baki zan ce ta waiwaya ko sau ɗaya, Hajiya ta dafa gwiwata ta girgiza kai.

Muka kai bakin teku. Ruwan ya canja, ya yi duhu, ya fara ɗaga mu yana saukewa. Mai jirgi ya rage wuta, ya karya kan jirgin zai koma. Ni ban taɓa lura da abin da wannan juyin yake yi ba, sai ranar. Gaban jirgi ya koma wajen gari, bayansa ya koma wajen teku. Kaka ba ta motsa ko yatsa ba. Jirgin ne ya juya ta. Gidaje suka zame daga gabanta, sai ga bahar gaba ɗayansa, ba gini, ba iyaka, rana ta kwanta a kansa ya kama wuta tun daga ƙafarmu har ƙarshen duniya. Ko makaho ya ga wannan hasken.

Na zaci za ta rufe ido. Ba ta rufe ba, ta ma ƙara buɗe na daman, hawaye na zuba daga duka biyun. Kawu ya yi wa mai jirgi alama ya kashe inji. Inji ya mutu, sai ruwa yana lasar katako.

Ta yi sallama, irin wadda ake yi a maƙabarta. Sannan ta yi magana da wata murya da ban taɓa ji ba, ƙarama, kamar ta yarinyar da aka aika ta dawo. Ta ce, "Inna, mun sauka lafiya." Ta ɗan jira. "Ni da Baba. Mun sauka tun ranar. Ban aiko ba ne."

Alhaji mai lema, wanda bai san komai ba, ya leƙo ya ce, "Murshid, nan kuma ina ne?" Hajiya ce ta ce masa, "Kabarin mahaifiyarta ne, Alhaji. Ɗaga hannu." Bawan Allah ya ajiye lema, ya ajiye har galan ɗin zamzam, ya ja addu'a mai tsawo da murya mai daɗi da ban zaci yana da ita ba. Jirgi duka ya amsa, har ɗan Yaman. Muna shafawa rana ta taɓa ruwa.

Da muka dawo gadar katako, da gaba ta fito. Ba ta ganin komai lokacin, duhunta ya riga ya sauka, ni na ja ta. A mota Alhaji ya tuna ya ce, "To kasuwar fa?" Na ce sun tashi, mun makara. Hajiya ta murɗe min kunne, haƙorin ya sake fitowa. Na matsa kusa da Kaka na ce, "Amarya, me kika gani?" Ta ce, "Ruwa mana. Da me kake so in gani, kifi da rawani?" Ta jingina kai da gilashi, kafin mu kai shatale-talen keke ta yi barci. Rabon da in ga ta zauna wuri ɗaya haka tun kafin asibiti.

Alhamis ta gaba ta koma Kurnish da farantinta, amma a karkace ta shimfiɗa tabarma, kafaɗa ɗaya ga titi, ɗaya ga ruwa. Da idon ya ƙarasa tafiya sai ta juya gaba ɗaya, ta fuskanci iska. Mai son gyaɗa sai ya zagayo. Na ce, "Alƙiblar fa?" Ta ce, "Lokacin salla ya yi ne?"

Yanzu lungunmu babu shi. An rushe wajen, mun koma unguwar Waziriyya, in na bi ta can ko inda ƙofarmu take ba na ganewa. Jims ta tafi wurin 'yan gwangwan, Kawu yana gida yana faɗa da jikoki a kan rimot. Kurnish ya yi kyau, an shimfiɗa dutse, an dasa fitilu, ba wurin tabarmar tsohuwa da faranti. Ni kuma ina aiki da wani kamfanin yawon buɗe ido, mota mai sanyi, riga mai tambari. An ba ni bayanin da zan riƙa faɗa, an ce kar in ƙara ko kalma. Basamude ya mutu, keke ya zama aikin wani mai zane. Baƙin ma kafin in buɗe baki sun riga sun duba a waya.

Amma har yau zagayen yana ƙarewa a Ubhur. In jirgi ya kai bakin teku ya fara juyawa, nakan bar baƙi da hotunansu in koma kujerar ƙarshe kusa da inji. Abokan aikina sun ɗauka sigari nake ɓoyewa in sha. Sallama nake yi wa innar Kaka, in ba da rahoto: kowa lafiya, Umma na fama da gwiwa, ƙanwata ta haihu. Sannan in yi tambayata. Don Kaka ta tafi shekaru kaɗan bayan wannan rana, a kan gadonta, aka kai ta maƙabarta a busasshiyar ƙasa. Matar da ta hana gida cin abinci saboda mutum ya je Makka bai kira ba, ita ta yi tafiya mafi nisa, kuma shiru. Sai in ce wa ruwan, in ta iso wurinku, ku ce maigidanta yana jira. Ku ce ta aiko.